Sa turbo a injin 1HZ: zai ɗauka ko kashe motata zan yi?

Mai_Lodin_Gembu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman iyayenmu makanikai da ke wannan zaure. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗina. Ina da Land Cruiser fikof, HZJ79, ƙirar 2006, injin 1HZ mai silinda shida, ta yi kilomita 310,000 da 'yan kai. Da ita nake ɗaukar kaya daga Serti zuwa Gembu, daga can in shiga ƙauyuka irin su Dorofi da Mayo Ndaga, inda da damina babu komai sai laka. A ƙasa ba ni da kuka da ita. Amma da na wuce Mayo Selbe na kama hawan dutsen Mambila da lodi, sai ta koma wata mota daban: lamba biyu, wani wurin lamba ɗaya, totur a ƙasa, baƙin hayaƙi na ta tuɗaɗowa daga salansa har na bayana ba ya ganin hanya. Wani abokina ya ce in sayi turbo na haɗi, irin wanda ake sayarwa da manifol da bututansa a kwali ɗaya, a ɗaura mata. Wani kuma ya ce duk ranar da na sa mata turbo, in fara tara kuɗin sabon inji. Wanne ne gaskiya? Motar nan ita ce abincin gidana.

Bala_Kofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Dukansu biyu sun faɗi gaskiya, ya danganta da wanda ya yi aikin. Na ɗaura wa 1HZ turbo sun yi shekaru suna aiki, na kuma sauke waɗanda aka ɗaura wa a wani wuri suka mutu cikin wata huɗu. Kafin in ce komai: ka taɓa sauke injin nan? Yana shan baƙin mai? In ka buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, hayaƙi nawa ke busowa?

Dan_Tenere:
Malam ka bar motarka yadda Allah ya sa aka ƙera ta. Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma da katkat mai wannan moter ɗin. Abin da ya sa muke riƙe da shi ba gudu ba ne, shi ne ba ya ba da kunya. Ba kwamfuta, ba turbo, gazuwal kowane iri ya sha ya tafi. Ka lura da motocin Red Cross da na likitocin MSF da na Majalisar Ɗinkin Duniya, me ya sa suka daɗe suna sayen HZJ78 da 79 masu 1HZ alhali suna da kuɗin sayen kowace iri? Don abin da ba ka ɗaura ba, ba zai lalace maka a daji ba.

Injiniya_Sadiq:
Dan_Tenere maganarka tana kan hanya, amma matsalarku daban da tasa. Kai rairayi kake bi, shi dutse yake hawa. Bari in yi bayanin abin da ke faruwa da motarsa.

Injin dizal da ba shi da turbo, iskar da ya iya zuƙa da kansa ita ce kawai rabonsa. Gembu tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,600 daga matakin teku. A wannan tsayin, matsin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wato kowace silinda tana samun iskar da ba ta kai ta ƙasa ba, amma famfon mai yana ci gaba da watsa mai kamar yana ƙasa. Man da bai samu iskar da zai ƙone da ita ba shi ne baƙin hayaƙin nan. 1HZ dama can ba mai ƙarfi ba ne: lita 4.2, ƙarfin doki kusan 130, juyi 285 Nm. Ka cire masa kashi ɗaya cikin shida, ka ɗora masa lodi, ka nuna masa dutse, dole ya yi nishi.

Turbo kuwa hayaƙin da inji ke fitarwa shi ke juya masa fanka, wannan fankar ta juya wata a ɗaya gefen, ta tura iska da ƙarfi cikin inji. Matsin iskar da muke shaƙa a bakin teku psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsi ne). Idan turbo ya ƙara psi 7, kusan rabin abin da ake da shi ya ƙara. Ga mai hawan Mambila, wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan ƙarin ma mayar da abin da tsayin dutse ya ƙwace ne kawai.

Mai_Lodin_Gembu:
Oga Bala, ban taɓa sauke shi ba. Baƙin mai yana ragewa kaɗan tsakanin juye da juye, bai kai lita ɗaya ba. Na buɗe murfin yau da safe bayan ya yi zafi, akwai ɗan huci amma murfin ba ya tsalle in na aza shi a bakin. Injiniya na gode, yanzu na gane dalilin hayaƙin. Ashe ba nozul ba ne kaɗai.

Bala_Kofar_Ruwa:
Zai iya zama har da nozul ɗin. Kilomita dubu ɗari uku ba wasa ba. Ni in ka kawo min ita, ba zan taɓa kwalin turbo ba sai na auna matsin kowace silinda da agogo, na kai nozul shida an gwada feshinsu, na duba shim ɗin bawul, na canza tayimin bel in lokacinsa ya yi, na wanke lagireto ciki da waje. Sau da yawa bayan wannan aikin mai mota yakan ce ai ƙarfin ya dawo, a bar turbon. In silinda ɗaya ta yi ƙasa da 'yan'uwanta sosai, magana ta ƙare, ringi za a fara yi.

Usman_79:
Ni na sa, shekara uku ke nan, kuma ban yi nadama ba. Tawa HZJ75 ce, a Jos nake, ina zuwa gonaki wajen Bokkos da Mangu. Hawan Hawan Kibo da nake yi da lamba biyu yanzu lamba uku nake yi da lodi iri ɗaya, hayaƙi ya ɗauke. Psi 8 aka sa min, ba intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo. Shawarata ka sa kawai.

Baba_Direba:
Yaro, "ka sa kawai" ba shawara ba ce ga mutumin da ya ce motar ita ce abincin gidansa. Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona.

Maigidana na da, Allah ya jiƙansa, ya sa an ɗaura wa tasa turbo a wani gareji da ba zan kama suna ba. Da aka gama sai ya ce bai ji bambanci sosai ba. Makanikin ya ɗauko sifana goma sha uku da sukundireba, ya kwance notin da ke bayan famfon mai, ya murɗa sukurun nan da ke ƙara mai. Aka fita gwaji. Wallahi motar ta tashi kamar an tsikare ta, kowa na murna. Ba a sa wani agogo ba, sai na ruwa da ya zo da mota. Wata na uku muna hawan wani tudu da buhunan masara, agogon ruwa na tsakiya lafiya lau, sai na ji wani ƙas-ƙas-ƙas daga gaba, farin hayaƙi ya turnuƙe. Da aka buɗe tof silinda, fistin na biyar bakinsa ya zagwanye kamar an lasa da wuta, ƙananan kofunan nan da ke cikin tof ɗin kusan duk sun tsage, ɗaya ya kusa faɗowa. Na riƙe fistin ɗin a hannuna, gefensa ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar ƙanzon tukunya. Turbon kuwa lafiyarsa ƙalau, aka cire shi aka sayar.

Injiniya_Sadiq:
Baba, wannan labarin naka shi ne zuciyar maganar. Ba iska ke kashe injin dizal ba, yawan mai ne. A injin fetur ƙarancin mai ke kawo zafi, a dizal kuwa akasin haka ne: ƙara mai, ƙara wuta. Kuma agogon ruwa ba ya ganin wannan zafin sai aikin gama ya gama, domin zafin hayaƙi kan haura cikin daƙiƙa kaɗan, ruwa kuwa sai a hankali.

Kofunan da Baba ya ambata su ne bambancin 1HZ da ɗan'uwansa 1HD-T. Dukansu sun fito a 1990, girmansu ɗaya, cc 4,164. Amma 1HZ ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin, cikin wani ɗan ɗaki da ke jikin tof silinda yake fesawa, wutar ta kama a can sannan ta fito. Saboda haka matsinsa ya haura 22 bisa 1, kuma tof ɗinsa na riƙe zafi. 1HD-T da Toyota ta ƙera da turbo tun daga masana'anta kai tsaye yake fesawa, matsinsa wajen 18.6 bisa 1, fistin ɗinsa da famfonsa da nozul duk daban. Wato ko Toyota da za ta sa turbo a wannan girman injin, sai da ta sake masa ciki.

Don haka duk wanda zai sa wa 1HZ turbo, agogon zafin hayaƙi ba ado ba ne, wajibi ne.

Usman_79:
Baba ka yi haƙuri, na gajarta ne. Ni ma ina da agogon, kuma ba na barin ya wuce digiri 550. In na ga ya doshi can sai in sassauta ƙafa ko in sauko da giya ɗaya, nan take yake sauka.

Garba_Panteka:
550 a ina? Wannan tambayar ce mutane ba sa yi. In an huda bututun da ke bayan turbo aka sa allurar a can, 550 ne iyakar da masu wannan aikin a Ostireliya suka saba bi. In kuma a manifol aka sa, kafin hayaƙi ya shiga turbo, karatun zai fi haka da digiri ɗari da wani abu har zuwa ɗari biyu, don turbo na cinye wani zafin. Mutum ya ji an ce 700 ba laifi, alhali allurarsa na bayan turbo, ka ga ya kashe inji yana ganin yana cikin ƙa'ida.

Usman_79:
Bayan turbo ne nawa, kamar tafin hannu ɗaya daga bakinsa.

Hajiya_Mai_Motoci:
Ni ba makanikiya ba ce, amma motoci uku nake da su a hanya, ni ke biyan kuɗin gyara. Abin da ba ku taɓo ba shi ne direba. Mai_Lodin_Gembu, kai ke tuƙa motarka ko yaro kake ba wa? In kai ne, to za ka kalli agogo ka ɗaga ƙafa, don ka san abin da ka kashe. In yaro ne, ranar da ya ji mota ta ƙara ƙarfi, ranar zai ƙara buhu biyar a kan lodin da ya saba. Ƙarfin inji ya ƙaru, amma sifirin da birki da taya suna nan yadda suke. Kuma dutsen da aka hau sai an sauko shi.

Mai_Lodin_Gembu:
Hajiya ni nake tuƙawa, sai ƙanena in na gaji. Maganar saukowa kuwa gaskiya ce, duk wanda ya san kwanonin da ke tsakanin Maisamari da Mayo Selbe ya san ba a wasa da birki a wurin. Ba lodi nake son ƙarawa ba, so nake in hau ba tare da inji na kuka ba.

Dan_Tenere:
To ai shi ke nan, ku kuna da gari kusa. Mu in tiyon mai na turbo ya fashe tsakanin Agadas da Dirku, baƙin mai zai tsiyaye cikin minti kaɗan, kuma ba garaji sai bayan ɗaruruwan kilomita. Tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 motoci suka yawaita a hanyar nan, na ga iri-iri an yar a rairayi. Kuma masu cewa ƙarfi ke fitar da mota daga rairayi ba su san rairayi ba. Iskar taya ce. Ka rage iska taya ta baje, ka sa giyar ƙarfi, ka tafi a hankali. Mai ƙarfi da yawa haƙa rami yake yi ya binne kansa.

Abdoul_Zinder:
Gaskiya ne batun taya. Amma Dan_Tenere, ai yanzu su ma masu hanyar Dirku da yawa Hilux suke shiga da ita, kuma yawancin sababbin Hilux na gazuwal da turbo suke fitowa. Ba su mutu ba.

Dan_Tenere:
Wanda aka haifa da shi daban, wanda aka ɗaura masa da rana tsaka daban.

Bala_Kofar_Ruwa:
Tunda an zo kan tiyon mai, bari in faɗi inda aikin ke lalacewa, don yawancin turbon da ke mutuwa hannun mai ɗaurawa ne ya kashe su.

Turbo na juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, kuma a kan baƙin mai sandarsa ke shawagi. Mai na zuwa masa ta siririn bututu daga jikin inji, ya koma kaskon ƙasa ta wani mai faɗi. Na komawar nan ba famfo ke tura shi ba, gangarowa yake yi da kansa. Dole ya zama mai faɗi, ya miƙe ƙasa ba lanƙwasa, ya shiga kasko sama da inda mai ke tsayawa. 1HZ bai zo da wannan ƙofar ba a yawancin waɗanda na gani, sai an huda. Ni cire kaskon nake yi gaba ɗaya, a huda, a yi walda, a wanke da kananzir a shanya, sannan a mayar. Masu gaggawa suna hudawa kasko na jikin mota, garin ƙarfen ya zuba ciki, ya bi mai ya je ya ci metal. In kuma bututun ya ƙanƙance ko ya lanƙwashe, mai zai taru a cikin turbo ya tsallake ta gefen hayaƙi ko na iska, mai mota ya ga shuɗin hayaƙi ya ce an sayar masa da jabu.

Kafin tashin farko kuma a ɗura mai a bakin turbo da hannu, a juya fankar da yatsa, a cire wayar da ke buɗe mai a famfo a yi ta ba da sitata har fitilar mai ta mutu, sannan a tayar. Daƙiƙa goma a bushe sun isa su ci masa rai.

Garba_Panteka:
Ƙari a kan na Oga Bala: salansa. Bututun da ya zo da mota ya yi wa turbo kaɗan, yana riƙe hayaƙi, zafi ya taru. A sa mai inci uku, ko aƙalla biyu da rabi, daga bakin turbo har baya. Sannan a nisanta tiyon birki da na kuloci da wayoyi daga jikin turbo, ko a sa musu faranti a tsakani. Da dare bayan doguwar hawa in ka buɗe bonet za ka ga gidan hayaƙin ya yi ja.

Sani_Mubi:
Tambaya don Allah. Na ji an ce injin dizal mai turbo yana iya ƙin mutuwa ko an cire makulli. Gaskiya ne ko labarin tasha?

Baba_Direba:
Gaskiya ne ɗana, na gani sau ɗaya a wata babbar mota. In turbo ya lalace ya fara zuba baƙin mai ta hanyar iska, inji sai ya koma shan man jikinsa. Makulli ba shi da amfani, don ba dizal yake sha ba. Ƙara za ta yi ta hawa, hayaƙi ya rufe wuri. Abin yi: taka birki da ƙarfi, sa giya ta sama, saki kuloci ya shaƙe ya mutu. Ko a toshe bakin iska da katako ko faranti mai kauri. Kada ka kuskura ka sa tafin hannu ko tsumma.

Mai_Lodin_Gembu:
Subhanallah. To intakula fa? Mai sayarwar ya ce akwai mai ita akwai marar ita, kuma bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne.

Injiniya_Sadiq:
Iska in an matsa ta zafi take yi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi, ga ƙarin wuta a cikin silinda. Aikin intakula ta sanyaya ta kafin ta shiga. A psi 7 zuwa 9 mutane da yawa suna tafiya ba ita, kamar Usman_79. In za a haura 10, ni ba zan yarda ba sai da ita. Kai da Mambila ke da sanyi, wannan ya taimake ka, amma ka tuna rabin tafiyarka a ƙasa take, kuma zafin Serti a watan Maris ba ƙarami ba ne.

Garba_Panteka:
Injiniya a takarda haka ne, amma ka tuna laka ya ce yana shiga. Intakular da ake sawa a gaba, gaban lagireto, laka na toshe ta ta bushe kamar bulo, ta hana lagireton ma shan iska. Ka gyara zafi ɗaya ka jawo wani. Ta saman inji kuma sai an yanka bonet an yi mata baki, kuma in mota na tafiyar hawainiya a lamba ɗaya ba iskar da ke ratsa ta, zafin inji take sha, sai an sa mata fanka. Ni a wurinsa, matsi kaɗan ba intakula ya fi.

Injiniya_Sadiq:
Na karɓi gyara a kan ta gaba. Ta sama mai fanka dai ina nan a kan ra'ayina.

Aminu_Sharja:
Ni ina harkar kayan mota tsakanin Sharja da Kano. Shawarata daban: kuɗin da za ka sayi turbo mai kyau, da salansa, da agogo biyu, da gyaran famfo, da kuloci, ka haɗa su ka ga ko ba su kusa kuɗin injin 1HD-T na hannu ba. Shi an gina shi don turbo, ƙarfin doki wajen 165 yake bayarwa ba tare da an matsa masa ba, kuma yana zama a mazaunin 1HZ ba wahala sosai. Ka sayar da naka ka cika.

Bala_Kofar_Ruwa:
Alhaji Aminu, injin da ya fi shekara ashirin da biyar, wanda ba ka san wanda ya tuƙa shi ba? Nasa ya san tarihinsa tun daga juyen mai. In zai bi shawararka, to kafin a ɗora a buɗe ƙasa a canza metal ɗin konrod, don na farkon 1HD-T an san su da wannan. Kuma kayan 1HZ ko a Jalingo zai samu, na 1HD sai ya aiko Kano ko kasuwar Ladipo ta Legas.

Aminu_Sharja:
Ban musa ba. Amma shi ma turbon haɗin ai iri-iri ne. Akwai mai turbon kamfanin Garrett na asali a ciki, akwai wanda kwalin kawai ke da kyau, ba suna ba lamba a jikinsa. In fankar marar suna ta balle, ina ɓaraguzan za su? Cikin silinda. Duk wanda zai saya ya duba farantin lamba a jikin turbon, ya kama sandar ya girgiza: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya, a ajiye.

Usman_79:
Batun kuloci da Alhaji ya ambata gaskiya ne, na manta. Wata biyu da sa turbo nawa ya fara zamewa a lamba huɗu, sai da na sa mai ƙarfi.

Garba_Panteka:
Kuma giyarka ba irin tasa ba ce. HZJ75 H55F take da ita, 79 mai 1HZ kuwa R151F ce, ta fi ƙanƙanta. Mai_Lodin_Gembu, ko ka sa turbo ko ba ka sa ba, kada ka ja lodi a tudu da lamba biyar. In ka sa, to ka ƙara kiyayewa, don juyin da zai bi ta cikinta ya ƙaru.

Abdoul_Zinder:
Ba wanda ya yi maganar ƙura. Mu nan lokacin hunturu filtar iska kwana uku ta cika. Inji mai turbo iskar da yake zuƙa ta fi yawa, ƙurar ma haka. Kilif ɗaya ya saki tsakanin filta da turbo, rairayi zai cinye bakin fankar kamar an goga da fayil. Kuma a daina busa filta da iskar mai faci har ta yage, a sayi sabuwa.

Hajiya_Mai_Motoci:
To shan mai fa? Wannan ne abin da ni zan fara tambaya.

Usman_79:
Hajiya in na tuƙa yadda na saba, kusan ɗaya ne, wani lokacin har ya ɗan ragu don ba na daɗewa a ƙananan giya. In na biye wa daɗin ƙarfin, yana ƙaruwa. Abin da ya ƙaru tabbas shi ne juyen baƙin mai: duk kilomita 5,000 nake yi da filta, ba na ɗagawa. Kuma in na tsaya bayan hawa ba na kashewa nan take, sai ya yi minti biyu ko uku yana aiki a tsaye, don man da ke cikin turbo kada ya ƙone ya daskare.

Dan_Tenere:
Kun ji ko? Agogo, intakula, kuloci, salansa, jiran minti uku, kallon allura. Duk wannan don a hau dutse da lamba uku maimakon biyu. Minti nawa za ka rage a hawan nan, Malam? Ni dai ban ga riba ba. Amma in batun hayaƙi ne, akwai famfon 1HZ da ke zuwa da wata na'ura a kansa mai rage mai in an hau tudu. Ka duba ko naka na da ita, ko ta mutu.

Injiniya_Sadiq:
Wannan magana ce mai amfani. In babu ita, mai gyaran famfo na iya rage man kaɗan, hayaƙi da zafi su ragu, sai dai ƙarfi ba zai dawo ba. In kuma turbon za a sa, a nemi a ɗora wa famfon abin da ke bin matsin iska, mai sakin mai daidai da yadda turbo ya cika. Ba shi, duk tashin da za ka yi daga tsaye sai ka yi hayaƙi kafin turbo ya kama. Amma Dan_Tenere, ba minti ne kaɗai ribar ba. Injin da ke hawa totur a ƙasa yana baƙin hayaƙi, shi ma a cikin wuta yake. Da za a sa wa motarsa agogon zafin hayaƙi yau, ba turbo, ina zaton abin da zai gani a hawan nan zai tayar masa da hankali.

Bala_Kofar_Ruwa:
To ga abin da za a yi ke nan, kuma ba tsada. Sa agogon tukuna. Ka hau da shi sau uku huɗu da lodin da ka saba, ka rubuta lambar da yake kaiwa da giyar da kake ciki. Ko ka sa turbo daga baya agogon na nan, ba asara.

Mai_Lodin_Gembu:
Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na duba kan famfon yanzu da tocila, ban ga wata na'ura ba, murfi ne kawai da wayar kashe mota. Jibi in Allah ya kai mu zan sauka Jalingo a auna matsin silinda a gwada nozul, zan kawo muku lambobin nan. Ban yanke hukunci kan turbon ba tukuna. Oga Bala, agogon nan mai allura zan nema ko mai lambobi? Kuma tunda ba turbo yanzu, a ina za a huda?

Bala_Kofar_Ruwa:
Kowanne ka samu, in dai yana kaiwa 900 ko sama. A huda manifol inda bututan ke haɗuwa, amma a cire shi daga jikin inji kafin a huda, a kakkaɓe garin ƙarfen. Ka tuna karatun manifol ne, kada ka gwada shi da 550 ɗin Usman.

Sani_Mubi:
Oga Bala, ni tawa Hilux ce mai injin 5L, ita ma ba turbo. Duk wannan bayanin ya shafe ta, ko ita daban ce?